Muguwar Cikin Labari: Me Ya Sa Kullum Kishiya Ce Ko Matar Uba?



Idan kina da 'ya mace da ta kai aji huɗu ko biyar a firamare, ki gwada wani abu yau da daddare bayan an ci tuwo. Ki miƙa mata fensir da takarda, ki ce ta zana miki mai mugunta irin na cikin labari, kada ki ce mata namiji ko mace. Da wuya ba mace za ta zana miki ba. Za ki ga an kafa mata ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ido a waje, baki a murguɗe, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan kuma yana nuni da yatsa ko yana riƙe da ƙullin magani. A gefe ga wata yarinya da tulu a ka tana hawaye. Idan ma ta tuna da maigidan, to za ta ajiye shi can a kusurwa, ɗan ƙarami, yana zaune ya sunkuyar da kai. Irin wannan zane yana nan a bayan littattafan rubutu na 'yan matanmu a Baure da Zango da Babban Mutum, a shafukan da suke koyon zanen lalle da fulawar matashin kai. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Abin da suka ji ne, da abin da suka karanta, da abin da suka kalla, hannu ya fitar.

To daga ina wannan mata ta fito, kuma me ya sa kamanninta ba sa canzawa?

Tun daga dandali muka fara saninta. A tatsuniyar 'yar Mowa da 'yar Bora, yadda aka fi bayar da ita, 'yar Mowa ce ta yi fitsarin kwance a kan ƙirgi, aka ɗora wa 'yar Bora, aka tura ta wanko shi a ruwan Bagaja don ta halaka a hanya. Ladabinta ga cinya da kare ya sa ta dawo da dukiya da mahaya, ita kuwa 'yar Mowa da ta bi sawu da rashin kunya ta dawo da tarin masifa. Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san wannan, kuma ta san wadda ake so ta tsana a ciki. Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano a ƙarshen shekarun 1980, sai Mowa ta sauya zane ta shiga gidan bene, ta koma Hajiya mai mota da direba, amma halin yana nan. Bangon littattafan farko da hannu ake zana su, kuma mai zanen ya san abin da zai sa mace ta tsaya a gaban mai sayarwa: mata biyu suna hararar juna, namiji a tsakiya ya yi tagumi. Daga baya aka koma haɗa bango da kwamfuta da hotunan mutane, yau kuma a waya ake karanta yawancin labaran, amma hararar ba ta gushe ba.

Sai fim ya zo ya ba ta murya. Ba za a yi maganar muguwar uwar miji ko matar uba a finafinan Hausa ba a ambaci marigayiya Saratu Giɗaɗo ba, wadda aka fi sani da Daso, Allah Ya jiƙanta. Malamar makaranta ce kafin ta shiga fim a shekarar 2000, kuma ta rasu a watan Afrilun 2024, cikin azumi. Ta iya fitowa a mace mai masifa har ta kai idan ta sako ƙafa a ɗaki a cikin fim, mai kallo ta san yau ba zaman lafiya. Abokan aikinta kuwa da barkwanci da son mutane suka shaide ta. Wato dai rigar da aka ɗinka ce ake ba ta ta sa, ta kuma iya sa ta. Rigar ce abin dubawarmu.

Mugun waje da muguwar ɗaka

Ba wai labaranmu ba su da miyagun maza ba ne. Akwai su, kuma na farkonsu a nan ƙasar Daura yake. Macijin rijiyar Kusugu, wanda labari ya ce sunansa Sarki, ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har ranar da Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare ya sare masa kai. Ki lura da irin ikon da macijin ya riƙe: ruwan gari gaba ɗaya. Haka Wazirin da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, gadon sarauta yake nema, ya haɗa baki da abokan gaba, har sai da aku ya yi ta zuba labarai don ya tsare Musa ɗan Sarki a gida. Dodon tatsuniya a daji yake ko a bakin rafi. A fim ma, idan aka ga Shu'aibu Lawan Kumurci da irin fitowar da ya yi suna da ita, to maganar daba ce da ƙwace da makami.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne bare ne. Daga waje suke zuwa, da ƙarfi suke zuwa, abin da suke so kuma babba ne: gari, sarauta, dukiya. Yaro zai iya jin tsoronsu ya kwana lafiya, don ya san ba zai tashi da safe ya tarar da maciji yana rabon koko a tsakar gidansu ba.

Ita kuwa muguwar mace ba bare ba ce. Sunanta ma sunan dangantaka ne: kishiya, matar uba, uwar miji, ƙanwar miji, facala, wani lokaci aminiya. A tukunya ɗaya ake ci da ita. Ba ta da takobi, makamanta su ne kuka a gaban maigida, da kai gulma, da zuba gishiri a miyar wata, da tafiya wurin boka da sunan za ta dubiya. Abin da take yaƙi a kansa kuwa, idan kika zauna kika lissafa, sai ya ba ki tausayi: makullin sito, kuɗin cefane, ranar girki, wa za a ɗinka wa kayan salla, ɗan wa za a kai makarantar kuɗi. Namiji yana neman mulkin gari, ita tana neman mulkin mudun gero. Amma da yake a cikin gida take, tsoron da take sa wa yarinya ya fi na maciji daɗewa, domin yarinyar ta san wata rana ita ma za ta shiga gidan da akwai ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ko kuma ita ce za ta amsa shi.

Maganar mallaka

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan gizo ke saƙar. Duk labarin da aka gina a kan muguwar mace yana da matsala guda da marubuci dole ya warware: ina maigidan yake lokacin da ake wannan zalunci? Shi ne mai aure, shi ne mai saki, shi ke kawo abinci, shi ke raba kwana. Ta yaya za a hana marainiya abinci a gidansa wata da watanni bai sani ba? Amsar da aka saba bayarwa kalma ɗaya ce: an mallake shi. An shanye shi. An binne layu a ƙofar ɗaki, an zuba masa a shayi, ya zama sai abin da ta ce. Daga nan an wanke shi tas. Idan ya kori uwar 'ya'yansa da tsakar dare, ba shi ba ne. Idan ya yi shekara bai taka gidan mahaifiyarsa ba, ba yin kansa ba ne. Can kusa da ƙarshe sai wani malami ya yi addu'a, ko a haƙo abin da aka binne, ya farka kamar daga barci ya ce, “Me ya same ni?” Kowa ya yafe masa a shafi ɗaya. Ita kuma ta haukace, ko ta ƙone, ko ɓarin jikinta ya shanye.

Ba ina musun sihiri ba ne. Akwai shi, haramun ne, kuma akwai matan da suke zubar da imaninsu a ƙofar boka. Abin da nake cewa shi ne, labarai sun mayar da shi mafaka. A rayuwa ta zahiri, sau nawa ne namijin da ya fifita amarya asiri aka yi masa, sau nawa ne kuma son zuciyarsa ne kawai da ɗokin sabon abu? Idan muka saba wa kanmu da cewa duk namijin da ya karkata an yi masa ne, to mun cire shi daga cikin masu amsa tambaya, mun bar mata biyu su cinye juna. Kuma ki lura da wani abu: mu mata mu ne muka fi son wannan bayani. Ya fi sauƙi a zuciya ki ce an raba ki da mijinki da ki ce shi ne da kansa ya juya miki baya.

Mu koma kan Mowa da Bora. Wa ya naɗa wannan Mowa, ya mayar da waccan Bora? Ba su suka raɗa wa kansu ba. Mowa ita ce wadda miji ya fi so, Bora wadda ya wofintar. Kenan tun kafin a fara tatsuniyar an riga an yi zalunci na farko, kuma ba mace ce ta yi shi ba. Duk ikon da Mowa take taƙama da shi aro ne, ranar da mai shi ya karɓe abinsa ya ba wata, ita ma Bora ce. Wannan ne ma ya sa muguwar cikin labari ba ta da kwanciyar hankali, kullum tana laɓe a bayan ƙofa, kullum tana ƙulla wani abu. Mai abin kansa ba ya irin wannan rawar jiki.

Waɗanda suka juya hoton

Cikin marubutanmu akwai waɗanda suka ƙi bin wannan hanya, kuma wadda ta fi fice ita ce Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 akwai muguwar amarya, Delu, kuma ba a rage mata komai ba. Amma Alhaji Abdu da idonsa biyu ya bar Rabi da 'ya'ya tara cikin ƙunci yana kashe kuɗinsa a waje, da hankalinsa ya auro Delu, da bakinsa ya kori Rabi. Rabi ta koma sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta. Da gobara ta cinye masa shago a kasuwa, a kansa alhakin ya sauka, kamar yadda sunan littafin ya nuna. Ƙarshen ma ba mai daɗi ba ne yadda aka saba, domin matsa wa Rabi aka yi ta koma gidan mutumin da ya wulaƙanta ta, kuma marubuciyar ba ta yi kamar wannan biki ba ne. An fassara littafin zuwa Turanci a 2012, wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya ya buga shi. A Wa Zai Auri Jahila? kuwa, masu riƙe da wuyan yarinya Abu maza ne: uban da ya cire ta daga makaranta, da dattijon da aka ɗaura mata aure da shi ba ta so. Babu boka a tsakani da za a jingina wa laifin.

Irin waɗannan littattafai sun sha suka a lokacinsu, aka ce suna koya wa mata tsaurin ido. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da hujjar suna ɓata tarbiyya. An yi ta magana a kan kalaman soyayya da ke ciki. Ni kuwa a ganina abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda ɗaruruwan labarai suke koya wa yarinya tun tana shekara goma sha biyu cewa babbar maƙiyiyarta a duniya wata mace ce da ba ta ma haɗu da ita ba tukuna.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne. Turawa ma muguwar matar uba ta cika tatsuniyoyinsu, irin su Cinderella da Snow White da yaranmu ke kallo a katun. Abin sha'awa shi ne, lokacin da wasu 'yan uwa biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, suka fara buga Snow White a 1812, mahaifiyar yarinyar ce ta cikinta take neman kashe ta don hassadar kyau. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, saboda zuciya ba ta ɗaukar a ce uwa ce. Kin ga kenan da alƙalami aka ɗora wa matar uba wannan kaya. Indiyawa kuma uwar miji suka kama. Wani dogon wasansu na talbijin da aka yi daga 2000 zuwa 2008, ma'anar sunansa ita ce uwar miji ma ta taɓa zama matar ɗa. A Amurka sai suka zarce ɗaya gefen: a 2014 kamfanin Disney ya yi fim ɗin Maleficent, inda aka ɗauko muguwar wani tsohon katun na 1959 aka ba da labarin daga bakinta, aka nuna cin amanar da wani namiji ya yi mata ne ya ƙeƙasar da zuciyarta. Matasa a can suna zana irin waɗannan miyagu suna yi musu ado, suna muhawara a kan ko mugunta ce ko ramuwa. Wannan kam ba na goyon bayan a kai shi har can. Wadda ta hana maraya abinci azzaluma ce ko me aka yi mata a baya. Sanin dalili daban, wanke laifi daban.

Abin da yake jawo mana a gida

Wata za ta ce ai labari ne, nishaɗi ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne ranar kai amarya. Yarinya za ta shiga gidan da akwai uwargida, tun a mota ƙawaye suna ce mata kada ta ci abin da aka ba ta, kada ta bar takalminta a waje, ta ƙone gashin da ta taje. Uwargidan ita ma an cika mata kunne da nata. Mata biyu da ba su taɓa yi wa juna komai ba sun haɗu kowace da hoton ɗayar a ƙirji. Ciwon kai na farko da ya kama ɗaya, an san wadda ta yi. Haka matar da ta auri mai 'ya'ya: idan ta tsawata an ce ga halin matar uba, idan ta kawar da kai an ce ba ta damu da su ba tunda ba ita ta haifa ba. Su kuma yaran an riga an faɗa musu, wani lokaci a gidan kakanni, irin wadda za su tarar. Akwai matan uba da yawa a garuruwanmu da suka yi wa 'ya'yan wata wanka da tsarki, suka yi jinyar ƙyanda, suka aurar, ba wanda ya rubuta littafi a kansu. Alhali misalin yana gabanmu: Asiya matar Fir'auna ɗan da ba ta haifa ba ta raina, a gidan mafi zaluncin maza. Waɗanda suka jefa Annabi Yusuf (AS) a rijiya don hassada kuwa 'yan uwansa ne maza.

Akwai kuma tambayar da labaran ba sa yi: me ya kai yaron hannun matar uba tun farko, alhali uwarsa tana raye? A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan aure ya mutu uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma yana ciyarwa. Idan uwar ta yi wani aure, riƙo yakan koma ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Amma al'ada ta sa da an yaye yaro sai uba ya aiko a karɓo masa ɗansa, ya danƙa wa matar da ba a nemi shawararta ba, ya sa takalmi ya fita kasuwa. In abu ya ɓaci, a ce matar uba. Haka maganar adalci a kwana da ciyarwa da muhalli, a wuyan miji shari'a ta rataya shi, ba a wuyan kishiya ba.

Don haka idan 'yarki ta kawo miki zanenta, kada ki yage, kada kuma ki yi dariya ki ce, “Wallahi kamar wance.” Wannan kalma ɗaya ta isa ta liƙa wa wata baiwar Allah hoton har abada. Ki yaba hannunta, sannan ki tambaye ta: “To Baban yarinyar fa, ina ya tafi? Wa ke da makullin ɗakin abincin? Me matar nan take tsoro?” Haka in kuna kallon fim tare aka zo wurin da maigida ya farka daga mallaka, ki ce, “Ke kuwa kin yarda bai san komai ba duk tsawon nan?” Za ki sha mamakin amsar da yaro zai ba ki. In ke ce mai ba da tatsuniya, ba sai kin canza ta ba, amma ba laifi ki tsaya ki ce musu wa ya fara bambanta matan nan biyu.

Mu a ƙasar Daura ma muna da labarin da ya fi na Mowa da Bora faɗi, sai dai mun fi ba da rabinsa na farko, mu tsaya inda aka kashe maciji. Bayan Bayajida ya auri Magajiya Daurama, ita ce da kanta ta ba shi kuyangarta Bagwariya. Bagwariya ta riga ta haihuwa, ta samu ɗa namiji, aka sa masa Karɓagari. Duk macen da ta taɓa zama da kishiya ta san wannan suna habaici ne, kuma ta san inda aka harba shi. Da Daurama ta haifi nata, sai ta mayar da martani da irin makamin, aka kira shi Bawo, wato a bayar da garin ga masu shi. Kishi ne ƙarara, har a bakin sunan 'ya'ya. Amma a labarin ba wadda ta je wurin boka, ba wadda ta haukace a ƙarshe, ba a kuma ce an shanye Bayajida ba. 'Ya'yan Bawo shida, tare da Biram ɗan Bayajida na wajen matarsa ta Barno, su aka danganta wa Hausa Bakwai, zuriyar Karɓagari kuma aka ba ta nata garuruwa bakwai.